Ɗaurin Orest

Asabar ta ƙarshe kafin dusar ƙanƙara ta rufe Yorkton
na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin a-kori-kurarmu,
na shiga rigingine, tocila a baki.
Shekara talatin da ɗaya ina miƙa wa Orest sifana,
ina riƙe masa fitila, ina kawo shayi,
na ɗauka idona ya koyi abin da hannunsa ya iya.
Ashe gani ba ci ba ne.

A bangon gareji ya bar rubutu da fensir:
ranar juye, kilomita nawa, lita biyar da rabi.
Layin ƙarshe na watan Afrilu ne.
Ƙasansa babu komai sai katako.

Notin ƙasa bai yi mini gardama ba.
Murɗa biyu, uku, ya kuɓuce wa yatsuna,
tsulum cikin tasa,
baƙin mai ya biyo bayansa da zafinsa,
ya tsallake bakin tasar, ya bi hannun rigata
har gwiwar hannu.
Wa ya taɓa gaya mini mai a karkace yake fita?
Na yi ta lalube cikin baƙin ruwa
kamar mai neman ɗan kunne a rijiya.

Sai filta.
Na kama da hannu, ta ƙi.
Na naɗa tsumma, ta ƙi.
Na zarga mata tsohon bel ɗinsa na fata, ta zame.
Kullum cewa yake, da hannu kawai, Halyna,
in ta taɓa, ki ƙara rabin juyi, ki bari.
Maƙaryaci.
Wannan ba rabin juyi ba ne.
Ɗaurin mutumin da likita ya gaya wa magana ne,
shi kuma bai gaya wa matarsa ba.

Na huda cikinta da sukudireba, na bi da guduma,
na rataya duk nauyina.
Gwangwanin ya yage, gindin na nan daram.
Na kwanta ina kallon sa, mai na ɗiga a goshina,
na daɗe ban motsa ba.
Shi kaɗai ya rage a gidan nan
yadda hannunsa ya bar shi.

Delbert Friesen na tsallaken titi
ya ga ƙafafuna sun daɗe a waje ba motsi,
ya zo da gudu irin na ɗan saba'in.
Da ya ji ina zagin ƙarfe, ya koma ya ɗauko kurfi.
Bai ce kawo in yi miki ba.
Ya ce a gefe, a hankali, ki kora ta hagu.
A bugu na tara ta saki.

Na ɗaura sabuwa, na ɗura mai, na murɗa makulli.
Inji ya tashi, na fara murmushi,
sai jar fitila, sai Delbert na dukan ƙofa, kashe! kashe!
Tsohuwar robar ta maƙale a jikin inji ban gani ba,
roba kan roba,
lita biyar da rabi na sabon mai, launin zuma,
na malala a siminti yana neman hanyar titi.
Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.
Buhu guda na yashin kyanwa muka juye a kai.

A motarsa muka je kanti muka sayo wani.
Na ɓamɓare tsohuwar robar da farce,
na sa ta a aljihu, ban san dalili ba.
Na shafa wa sabuwar mai da ɗan yatsa.
Ta taɓa.
Na ƙara rabin juyi.
Hannuna ya so ya ƙara, na hana shi.

Da magariba na samo fensirin a kan taga,
duk tabon haƙoransa a jiki.
Ƙarƙashin Afrilu na rubuta:
Oktoba, lita goma sha ɗaya.